Wa Ya Zana Akun Magana Jari Ce?

Ina aji huɗu a wata firamare kusa da Ƙofar Atiku, cikin birnin Sakkwato, na fara shan bulala saboda zane. Yayana ya bar wani tsohon Magana Jari Ce a gida, bango ya rabu da shi, shafukan farko sun koma launin ƙasa, na ɗauka na tafi da shi makaranta. Ana darasin lissafi, ni kuwa na buɗe bayan littafin rubutuna ina kwaikwayon akun nan da ya yi ta jan hankalin Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita. Ban san malam ya tsaya a kaina ba sai da na ji, "Kai yaro, mi kaka yi nan?" Ya ɗaga littafin ya nuna wa aji, aka yi dariya, ya ba ni uku a tafin hannu. Ban riƙe shi a zuciya ba: takarda tana da tsada, kuma lissafi ake yi.

Abin da ya dame ni bayan na girma wani abu ne daban. A duk shekarun da na yi ina kwaikwayon hotunan littafin nan, bai taɓa faɗo mini a rai cewa wani mutum ne ya zauna da alƙalami ya zana su ba. Sunan Abubakar Imam mun haddace shi, har a jarrabawa ana tambayarsa. Hoto kuwa mun ɗauka injin buga littafi ne yake fitar da shi da kansa. Sai da na shiga jami'a na ci karo da sunan da masu nazarin tarihin adabin Hausa suke ambata: Jacqueline de Naeyer, wata mai zane 'yar ƙasar Beljiyam da ta yi aiki da ofishin littattafai na Zariya, wadda daga baya ta zama matar Rupert East. Miliyoyin yaran Arewa sun fara ganin siffar sarki da waziri da fada a takarda ta hannun wannan baƙuwa, kuma da wuya a sami ɗaya cikin dubu da ya san sunanta.

Wannan ɓoyuwar hannun mai zane tana da tarihi, kuma tana da sakamako a ajin firamare har yau.

Kafin boko ya zo, Sakkwato ba ta rasa masu zane ba. Duk wanda ya taɓa buɗe gafaka ya ɗaga tadarishin Alƙur'ani rubutun hannu ya san haka. Baƙar tawada ta gawayi da ƙaro ce take ɗaukar baƙaƙe, ja ta ɗauki wasulla, ɗigon rawaya ya tsaya wa hamza, kore ya nuna alifin sadarwa. A gefen shafi akwai da'irori masu launi da suke nuna izu, da alamun nusufi da rubu'i da sumuni, da wurin sujada, kowane marubuci da salonsa, har gwanaye sukan gane hannun juna. A farkon littafi da wuraren da aka kasa shi huɗu akan cika shafi guda da zayyana, murabba'i cikin murabba'i, igiya ta sarƙe igiya ba tare da an ga inda ta fara ba. Dala'ilul Khairati na Shehu Jazuli, wanda ya zo mana daga Maroko, har da zanen Rauda yake ɗauke da shi, wato wurin kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na sahabbansa biyu, kuma marubutan ƙasar Hausa sun yi ta sake zana shi da nasu launukan. Idan ana neman littafi mai hoto na farko da ya yaɗu a gidajenmu, daga nan ya kamata a fara.

Yaro ma yana da rabonsa. Ranar saukar karatu akan kai allonsa wurin mai zayyana, a ƙawata shi da ja da kore da rawaya, a kewaye ayoyin da zai karanta da zane, ya riƙe shi a gaban jama'a. Ga dukawan Sakkwato da suke zana fatar jar akuya, wadda ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ga masu zanen ƙwarya, ga magina masu dagi a fuskar zaure, ga masu zana aska takwas a ƙirjin riga kafin allura ta bi. Dukkansu layi ne da ma'auni da haƙuri, kuma dukkansu ana koyonsu ne ta hanya ɗaya: yaro ya zauna kusa da gwani, ya ga hannu yana motsi. Ɗan baduku bai taɓa zaton zanen da ke jikin jaka daga sama ya faɗo ba, domin ya ga lokacin da ubansa ya ja layin.

Abin da wannan al'ada ta kauce masa shi ne siffar abu mai rai, kuma dalilin sananne ne. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu sura. Ni ba malami ba ne, amma abin da ke cikin littattafan Malikiyya, mazhabar da Sakkwato ta ginu a kanta, bai ɓoyu ba: abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai, cikakken gaɓoɓi. Hoton da ke shimfiɗe a takarda an sassauta a kansa, an ajiye shi a matsayin makaruhi ko barinsa ya fi, yayin da malaman wasu mazhabobi suka tsananta. An yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Itace da gida da kogi da dutse kuwa babu mai hana zana su. Na kawo wannan ne domin sau da yawa idan aka tambayi dalilin da ya sa zane bai yi ƙarfi a makarantunmu ba, sai a ce addini, a rufe magana. Addini ya ja iyaka, gaskiya ne, amma filin da ya bari a buɗe yana da faɗi ƙwarai, kuma kakanninmu sun noma shi. Makarantar boko ce ba ta shiga filin ba.

Turawa sun ci Sakkwato a filin Giginya cikin Maris 1903, kuma ba a jima ba aka buɗe 'yar makarantar boko ta 'ya'yan sarakuna a garin, wadda ta girma ta zama Midil, inda Ahmadu Bello da Shehu Shagari suka yi karatu. A Kano, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, har da sashen sana'o'in hannu inda ake koyar da dukanci da sassaƙa da ƙira. A lura da yadda aka raba: masu karatu a gefe guda, za su zama malamai da ma'aikatan En'e; masu aikin hannu a ɗaya gefen. Tun daga ranar farko an raba alƙalamin rubutu da alƙalamin zane, alhali a makarantar allo alƙalami ɗaya ne yake yin duka biyun.

Matsalar da ta fi damun masu mulki ita ce rashin abin karantawa. An koya wa yara baƙaƙen boko, ba su da littafin da za su karanta. Don haka aka kafa ofishin fassara a 1929, wanda ya zauna a Zariya a ƙarƙashin East ya zama ofishin talifi. Gasar 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, sannan ga Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Midil ta Katsina ya zauna a Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi littafi uku kafin ƙarshen shekarun 1930. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Janairu 1939, Kamfanin Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, hukumar NORLA ta biyo baya a shekarun Yaƙi da Jahilci, sannan NNPC a 1966. East ya yi ƙoƙarin da ba za a raina ba wajen samar da marubuta Hausawa. Ya zaga gari-gari yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, ya zauna da Imam suna gyara jimla. Amma babu gasar zane da ta yi tashe kamar gasar 1933, kuma babu wani mai zane Bahaushe da aka ɗaga sunansa kamar yadda aka ɗaga na Imam. Hoto a wurinsu bara ne na karatu. Aikinsa ya jawo idon yaro zuwa shafi, ya taimaka wa ɗan ajin yaƙi da jahilci ya gane cewa waɗannan baƙaƙen suna nufin doki. Da zarar an iya karatu, an gama da shi.

A daidai waɗannan shekarun wata ƙasa ta ɗauki wata hanya. A 1938, ana tsakiyar buga Magana Jari Ce, ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta Amurka ta ba da lambar Caldecott karo na farko, kuma mai zanen littafin yara ake ba wa, ba marubuci ba. Ingila ta kafa tata, lambar Kate Greenaway, a 1955. Lamba ba ta koya wa kowa zane. Abin da take yi shi ne ta sa suna a bango, ta sa malamar aji ta ce wa yara wance ce ta zana wannan, ta sa makaranta ta gayyaci mai zanen ya tsaya gaban allo ya fitar da zomo da layi biyar yara suna kallo. A ƙasashen da wannan ya zama al'ada, yaro yana tashi da sanin cewa zane aiki ne da mutum yake ci da shi.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga abin da hoton littafi yake yi wa yaro. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya koya wa kansa zane ne ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da mujallun Turawa, daidai abin da na sha bulala a kansa. Bambancin shi ne bai daina ba. Ya tafi Landan da Faris a 1920 ya yi karatun zane, ya dawo yana zaga makarantun Legas yana koyarwa, ya matsa wa gwamnati har ta ɗauko Kenneth Murray a 1927 don koyar da zane. Yaran Legas na wancan zamani sun ga baƙar fata ɗan ƙasarsu yana zana fuskar mutum ta fito kamar za ta yi magana.

Abin mamaki shi ne, babbar makarantar zane ta Nijeriya a ƙasar Hausa ta zauna. A 1955 aka mayar da sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, wanda daga baya ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo, Bruce Onobrakpeya da abokansu. Ra'ayinsu shi ne a ɗauki dabarar Turawa a haɗa da zanen gida. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya gina salonsa a kai, kuma shi ya zana hotunan wani bugu na Things Fall Apart na Chinua Achebe. Sunayen da suka yi fice a ƙungiyar duk daga kudu suke. Ganuwar Zazzau tana nan kusa da su, da masallacin da Babban Gwani ya gina, da zaurukan da aka yi wa ado, da masu zayyanar allo, amma 'ya'yan masu wannan gado ba su cikin ajin. Ba a shirya su tun daga firamare ba.

Labarin Onobrakpeya ya fi taɓa ni, saboda ya ratsa ta cikin adabinmu. A 1962 Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fitar da An African Night's Entertainment, wani ɗan littafi da aka yi ta karantawa a makarantu. Duk wanda ya san Jiki Magayi zai gane labarin tun daga shafukan farko: attajiri Malam Shehu, da Zainabu, da saurayin da aka ƙwace wa ita, da yaron nan Kyauta da aka rama a kansa. An daɗe ana muhawara a kan wannan kama, ba ita ce maganata yau ba. Maganata ita ce Onobrakpeya ne ya zana hotunan littafin Ekwensi, kuma an san shi da hakan. Daga 1963 ya shiga koyar da zane a Kwalejin St Gregory da ke Legas, ya shekara goma sha bakwai yana yi. Wato yaron da ke wannan makaranta yana iya riƙe littafi a hannu, ya ɗaga kai ya ga wanda ya zana hoton yana tsaye da alli a gabansa. A 1998 ya buɗe taron horar da masu zane na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor, a Jihar Delta. Labari ɗaya ne, na ƙasar Hausa, ya fita da harsuna biyu. A ɗaya harshen ya tafi da mai zane mai suna da fuska da almajirai. A namu harshen ya tafi da marubuta kawai.

Wanda yake ganin allo da zanen zamani ba sa haɗuwa, ya dubi Sudan. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan, ya dawo ya tarar mutanensa ba su damu da abin da ya koyo ba, sai ya koma ga baƙaƙen Larabci da adon allon sauka da ya sani tun yana yaro, ya fitar da salo daga cikinsu. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Allon da ya tashi da shi ɗan'uwan namu ne, har tawadar kusan iri ɗaya ce.

Mu kuwa me muka yi? Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara kafin a sami malaman da za su ishe su, kuma darasin da ba a tambaya a jarrabawar shiga sakandare shi ne ya fara faɗuwa. A takarda, manhajar ilimin bai-ɗaya tana da darasin al'adu da fasaha. A ajin da na zauna, ma'anarsa ita ce malam ya zana kofi a allo, mu kwafa, ya ba da maki bisa ga yadda kofinka ya yi kama da nasa. Ba a taɓa ce mana mu zana ƙofar gidanmu ba, ko raƙuman da ke shigowa da kaya, ko kwalekwalen Kwalkwalawa. Kuma yaran da ke kwafar kofin nan su ne suke komawa gida su ƙera mota da karan dawa, da ƙofa mai buɗewa da taya mai juyawa, ba wanda ya koya musu sai na gaba da su.

An sami sauyi a 'yan shekarun nan, kuma ya kamata a faɗa. Shirin Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2015, ya sa littattafan Hausa masu hotuna a hannun yaran aji ɗaya zuwa uku, kuma yaran da ke cikin hotunan sun yi kama da masu karanta su. Amma manufar ba ta sauya daga ta East ba: hoto yana nan a matsayin baran karatu, ana auna nasara da yawan kalmomin da yaro ya karanta a minti ɗaya. Kuma kuɗin na waje ne. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, abin da ya nuna cewa littafin da ya dogara da aljihun wani yana iya tsayawa rana ɗaya. Rumbunan intanet irin su African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna da labaran yara da Hausa kyauta, kuma suna rubuta sunan mai zane kusa da na marubuci. Sai dai da yawa daga cikinsu fassara ce, an zana hotunan don yaran wata ƙasa.

Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suke fitar da hoto cikin daƙiƙa kaɗan. Na ga littattafan yara na Hausa da aka yi da su: rawanin ba irin naɗinmu ba, zauren ya fi kama da na fina-finan Larabawa, yarinyar tana sanye da abin da ba a sa wa yara a nan. Mai buga littafi zai ce ya rage kuɗi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma abin da na zata ina yaro, cewa inji ne yake haifar da hoto ba mutum ba, ya kusa zama gaskiya. Yaron da ya tambayi wa ya zana wannan, a da akwai amsa, an dai ɓoye masa ita ne. Nan gaba kaɗan zai tambaya a rasa sunan da za a faɗa masa.

Abin da nake ganin zai yiwu ba ya bukatar tallafin waje. Masu buga littattafan Hausa su sa sunan mai zane a bango, da girman sunan marubuci, su biya shi kason ciniki. Masu shirya gasar rubutun Hausa, da suka yi yawa yanzu, su ware wa zane gurbi. Shugaban makaranta kuma ba sai ya jira wani mashahuri daga Legas ba, domin gwanayen suna bayan katangarsa.

Da na je gida hutun sallar da ta wuce, na tsaya wurin wani mai zanen hula a wata rumfa ba nisa da Ƙofar Atiku. Yana ɗora farin yadi a gwiwa, ya ja zanen da biro ba tare da ma'auni ba, ya miƙa wa masu ɗinki su bi da zare. Yara uku 'yan firamare, da kayan makaranta a jikinsu, sun tsuguna suna kallon hannunsa. Ɗaya ya tsinci guntun kwali yana gwada nasa. Na tambayi mai rumfar ko an taɓa kiransa makaranta ya nuna wa yara yadda ake yi. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce shi da bai yi boko ba me zai je ya koya wa 'yan boko, sannan ya karɓi kwalin yaron ya gyara masa kusurwa ɗaya ya mayar masa.